Harafi ɗaya da ya kunyata ni a ajin Girkanci

Jiya na tattara komatsena na bar makarantar tauhidi, shekara 4 cif, amma gaskiya duk abin da ya faru babu wanda ya tsaya min a rai kamar ranar Galatiyawa 3:27, wata aya a Littafi Mai Tsarki.

Muna aji biyu lokacin, Malam ya ce in fito in fassara ayar. Ni kuma na riga na haddace Romawa 13:14, inda Manzo Bulus ya ce endusasthe, wato ku sa Ubangiji Yesu kamar yadda ake sa riga, daga enduo ta fito, kalmar sa tufafi ce kawai. Ina ganin mai kama da ita a Galatiyawa ko tsayawa ban yi ba na ce ai umarni ne, na shiga zuba wa'azi kusan minti 10 wai Bulus yana tsawata musu su sa Almasihu, har da buga tebur fa.

Mutumin nan bai tare ni ba, ya naɗe hannu yana kallona sai da na kai aya. Sannan ya ɗauki alli ya rubuta enedusasthe ya zagaye wani ɗan e da ya maƙale tsakanin en da du, shi ne alamar abu ya riga ya faru. Ba umarnin "ku sa" ba ne, "kun sa" ne, tun ranar baftisma. Ya juyo ya ce, "Ɗana, bar Girkancin ma, a Hausa ku da kun ɗaya ne a wajenka?" Aji ya kwashe da dariya, daga ranar sunana ya koma Fasto Kun.

Yana da gaskiya, ban musa ba. Amma me ya hana shi tsayar da ni tun minti na farko? Har yau ban yarda gyara kaɗai yake nema ba.

Ku na baya, in kun ga kalma kamar kun santa ku karanta ta harafi-harafi. Ku duba wa ake sa wa rigar, a Luka 15:22 bayi ne aka ce su sa wa ɗan da ya dawo, a Afisawa 6:11 kai za ka ɗaura wa kanka makaman Allah. Kada ku zauna layin gaba a ajinsa.

Ranar yaye mu shi ya zo ya gyara min wuyan doguwar rigar da hannunsa, na ce na gode Baba, ban ƙara komai ba, shi ma bai ƙara ba.