Talata, ranar da na yi wa wayata shara

Yau ba ni da amarya, sai wata yarinyar maƙwabta da ta zo kunshin suna da safe. Tana zama ta miƙo min waya: "Anti, irin wannan nake so." Ko ban karɓa ba na san hoton. Ƙatuwar fulawa a bayan hannu, reshe ya gangara kan manuniya, sauran yatsun an cika su da ɗigo-ɗigo. Ita ce ta huɗu a watan nan da ta kawo min shi. Na zana mata, ta biya, ta tafi tana ta juya hannu. Ni ce dai raina bai yi min daɗi ba, don har na gama hankalina yana wani wurin, kamar mai tuƙa tuwo.

Inna tana gefe tana tsinke zogale, ashe tana kallonmu. Yarinyar na fita ta ce, "Ke kishiya, wai ku masu lallen yanzu malami ɗaya ne ya koya muku? Duk bikin da na je, hannu ɗaya nake gani." Na ce tsufa ne ya taɓa mata ido. Ta ce idonta ras yake, nawa ne waya ta cinye.

Maganar ta tsaya min a rai har azahar. Da na idar da salla na buɗe Instagram, na shiga jerin waɗanda nake bi, sai kunya ta kama ni. Masu lalle ne reras, na Dubai, na Indiya, na Kaduna, na nan Kano, kowa na kwaikwayon kowa. Sauran kuma shafukan tsegumi ne, wa ta rabu da wa, wa ta sayi mota. Ita manhajar ba ruwanta da kyau ko muni. Abin da ka tsaya a kansa, ko ka maimaita kallonsa, shi take ƙaro maka. To ni na tsaya a kan fulawar nan, wata mai kunshi a can Maraɗi ma ta tsaya, amaren ma sun tsaya. Ta ina hannuwa za su bambanta? Kuma da kuɗina nake sayen wannan maimaicin, ga data ta yi tsada tun ƙarin da aka yi a farkon 2025.

Na hau shara. Shafukan gulma ba su ba ni wahala ba. Na abokan sana'a ne suka tsaya min a wuya, don wasu mun san juna, kuma mace ta ga kin daina bin ta, shi ke nan an ƙulla gaba har gidan biki. Su sai na rufe abin da suke ɗorawa kawai, ba tare da na cire su ba. Mutum uku na bari. Cikinsu akwai wata 'yar Sudan da nake jin hannunta: layinta mai kauri ne, ba ta tsoron barin fata fili, zane biyu ta yi ta ajiye. Gurbin sauran na cika shi da masu ɗinkin hula, masu zanen ƙwarya, maƙeran azurfa na Agadas, da masu ɗora hotunan tsofaffin gidajen Zariya masu ado a bango.

Da la'asar na zauna kusa da Inna na ce ta ba ni labarin lallensu. Ta ce su babu wata fulawa. A daka ganye, a kwaɓa, a shafe ƙafa a ƙunshe da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru a kwana da shi. Gari na wayewa ya yi jawur, in an maimaita ya koma kamar baƙi. Yankan salatif ma a wurinta sabon abu ne. Tana cikin magana sai ta miƙe ta buɗe akwatinta, ta zaro babbar rigar Malam, Allah ya jiƙansa.

Na sha ganin rigar nan, amma yau ne na kalle ta. Aska takwas ce. Askakin dogaye ne masu tsini, sun zubo daga wuya ta wajen aljihu, ba tsayinsu ɗaya ba. A ɗaya gefen ga tambari ya naɗe kansa kamar gammo, shi kaɗai, an bar masa fili. Zaren ya dafe, wani wurin ya tsinke, amma in ka sa yatsa kana jin tudun kowane ɗinki. Wanda ya yi aikin nan ya san inda zai cika da inda zai ɗaga allura. Sai na tuna da Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin nan na Kano. Rabona da shi tun muna firamare, da aka jera mu ana ce mana tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ginin yake, mu kuwa hankalinmu na kan mai alawa. Asabar in Allah ya kai mu zan koma da littafin zanena.

Bayan magariba na kwaɓa lalle kaɗan na gwada a hannuna na hagu. Tambari a tsakiyar bayan hannu, askaki uku sun gangara kan yatsu, sauran na bar shi haka. Na farko ya karkace, na goge na sake. Ƙanwata ta leƙo ta ce wallahi Yaya babu amaryar da za ta biya kuɗi a zana mata wuyan riga. Wataƙila da gaskiyarta. Inna ta kama hannun ta kai kusa da fitila, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce askar tsakiya ta yi gajarta.

Ina jiran ya bushe na ɗauki waya, ban ankara ba na cinye kusan minti ashirin a TikTok kan rigimar wasu mata biyu da ban ma sani ba. Can ban kai ga sharewa ba tukuna. Da hannu ɗaya nake rubuta wannan, lallen ya fara faɗuwa a kan zanin gado.