Dalilin da Ya Sa Nake Barin Ƙofar Fita a Buɗe

Lokacin da na fara aika wa abokan cinikina wasiƙar imel game da sababbin atamfofi da shaddodi da ke shigowa shagona, babu abin da nake ƙidayawa sai yawan adireshi. Har wani ya taɓa sayar mini da jerin adireshin mutanen da ban san su ba, su ma ba su san ni ba, na aika musu da talla ina murna. Bayan 'yan makonni na lura cewa hatta tsofaffin abokan cinikina sun daina ganin saƙona, domin baƙin da na kutsa wa sun yi ta kai ƙarata cewa saƙon banza ne, sai Gmail ya fara jefa duk abin da na aika cikin akwatin shara.

A watan Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'idojinsu. A Gmail, wanda ke aika saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ne ya tabbatar da cewa daga gare shi saƙon ya fito ta hanyoyin da ake kira SPF da DKIM da DMARC, ya sanya maɓallin da mutum zai danna sau ɗaya ya cire sunansa, ya kuma cika wannan buƙata cikin kwana 2. Ƙorafi kuwa kada ya kai 3 cikin kowane saƙo 1,000. Ni ban kusanci aika saƙo 5,000 a rana ba, amma na ɗauki ƙa'idojin tamkar don ni aka yi su, musamman da yake Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kowa damar ƙin a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye.

Yanzu duk wanda ya ba ni adireshinsa sai ya fara samun gajeren saƙo, ya tabbatar da kansa cewa yana so, kafin in sanya shi cikin jeri. Jerin ya ragu ƙwarai, kuma ban yi nadama ba. Na kuma raba mutane bisa abin da suke saya, domin uwar da ke haɗa lefen ɗanta da magidancin da ke neman yadin Sallah ba abu ɗaya suke son ji ba, kuma rashin girmamawa ne a aika musu da wasiƙa iri ɗaya.

Na daina dogara da ƙidayar waɗanda suka buɗe saƙo, tun da a 2021 Apple ya fito da tsarin da kan sa saƙo ya zama kamar an buɗe shi ko da mai shi bai duba ba. Abin da nake dubawa shi ne wanda ya amsa mini ko ya tambayi farashi.

Hotuna ma na rage su, saboda galibin masu karanta ni a waya suke, da datar da suka saya da kuɗinsu. Wasiƙar kanta takan zama gajeriya, domin Gmail yana datse duk wadda ta wuce kilobait 102, kuma ƙasanta ne ke ɓacewa, inda maɓallin cire suna yake.