Abin da Binciken Ƙasar Batikan Ya Koya Mini Game da Mulki

A darasin dokar ƙasa da ƙasa, abu na farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne sharuɗɗa huɗu da Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta gindaya kafin a kira wani wuri ƙasa: ya kasance yana da mazauna na dindindin, da iyaka sananniya, da gwamnati, da kuma ikon ƙulla hulɗa da sauran ƙasashe. Da aka zo rabon batutuwan bincike a ajinmu, Batikan ce ta faɗo a kaina, wato 'yar ƙasar nan da ke cikin birnin Rum, wadda faɗinta bai wuce kadada 44 ba, mazaunanta kuma ba su kai mutum 1,000 ba. Ni ba mabiyin ɗariƙar Katolika ba ne, saboda haka da idon ɗalibin doka kawai na shiga aikin, kuma tun ban yi nisa ba na ga cewa kusan kowane sharaɗi sai an lanƙwasa shi kafin ya zauna a kan Batikan. Wannan lanƙwasawar ta fahimtar da ni amfanin 'yancin kan ƙasa fiye da duk karatun da na yi a kan manyan ƙasashe, waɗanda sharuɗɗan ke hawa kansu cif-cif har mutum ba ya tsayawa ya tambayi dalilin kowanne.

Fiye da shekara dubu Fafaroma yana sarautar ƙasa ta sosai. Tun daga 756, lokacin da Pepin, sarkin Faransa ta wancan zamani, ya miƙa masa yankunan da ya ci da yaƙi a tsakiyar Italiya, yake da garuruwa da talakawa da haraji da dakaru kamar kowane sarki na Turai. Yunƙurin haɗe kan Italiya ya riƙa cinye wannan daula gefe-gefe, har ranar 20 ga Satumba 1870 sojojin sarkin Italiya suka fasa ganuwar Rum kusa da ƙofar Porta Pia suka shiga birnin. A 1871 gwamnatin Italiya ta yi doka wadda ta tanadar wa Fafaroma Pius na 9 kariya da girma irin na sarki da kuɗin shiga duk shekara, amma ya yi fatali da ita, domin ya san majalisar da ta ba shi yau ita ce ke da ikon sokewa gobe. Shi da magadansa suka tsare kansu a fadar Batikan na tsawon shekara 59.

A nan ne darasin da ya fi tsaya mini a rai yake. A duk waɗannan shekaru Fafaroma ba shi da wata ƙasa da ake kira tasa, duk da haka ƙasashe ba su daina aiko masa da jakadu ba, shi ma bai daina aika nasa ba, har ma a 1885 Jamus da Sifaniya suka kawo wa Fafaroma Leo na 13 rikicinsu kan tsibiran Caroline don ya shiga tsakani. Ashe matsayin nasa bai rataya ga ƙasa ba. Da aka zo sulhu ranar 11 ga Fabrairu 1929, Kadinal Pietro Gasparri, ɗaya daga manyan limaman cocin, ya sa hannu a Yarjejeniyar Lateran a madadin Fafaroma Pius na 11, Benito Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, kuma a madadin ƙasarsa, aka yanki wannan ɗan fili aka mai da shi ƙasa, Italiya ta biya diyyar lira miliyan 750 kuɗi hannu da takardun lamuni na lira biliyan ɗaya. Gabatarwar yarjejeniyar ta fito fili ta ce an kafa ƙasar ne domin a tabbatar wa Kujerar Fafaroma cikakken 'yanci a idon duniya. Wato dai kujerar ta riga ƙasar, kuma ƙasar hidima take yi mata. Bai kamata a ɓoye ba cewa da ɗan kama-karya aka ƙulla wannan ciniki, kuma shi ma ya ci ribarsa wajen samun karɓuwa a wurin jama'ar Italiya.

Daga nan na koyi raba abu biyu da 'yan jarida kan cakuɗa. Akwai Kujerar Fafaroma, wadda ita ce hukumar ƙoli ta Cocin Katolika a duniya, akwai kuma Ƙasar Birnin Batikan, wadda ke kula da gine-gine da gidan waya da 'yan kwana-kwana da lambuna. Kujerar ce ke da hulɗar jakadanci da ƙasashe fiye da 180, ita ce kuma ke zaune a Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin 'yar kallo ta dindindin tun 1964. Jakadun da ake aiko mata a cikin garin Rum suke zama, don babu wurin da zai ɗauke su a Batikan, kuma ba ta yarda jakadan wata ƙasa a Italiya ya haɗa da wakilci a wurinta. A ganina, rashin ƙasar da aka yi a 1870 alheri ya zame wa kujerar, domin wanda ba shi da iyakar da zai kare ko kasuwar da zai nema ya fi saurin samun amincewar masu rikici. Da haka ta shiga tsakanin Ajantina da Chile a kan mashigin ruwan Beagle daga 1978 har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 1984, da haka kuma ta taimaka wajen sasanta Amurka da Kyuba a 2014.

Malamin da ya duba aikina yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa: kada ɗalibi ya kawo masa abin da wani ya ce game da yarjejeniya, ya je ya karanta ta da kansa, sashe bayan sashe. Bin wannan ƙa'ida ya nuna mini cewa zancen 'yancin kai, idan an sauko da shi ƙasa, magana ce ta famfo da ɗan sanda da gidan yari. Sashe na 6 ya ɗora wa Italiya nauyin samar wa Batikan isasshen ruwa da haɗa ta da layin dogo. Sashe na 3 ya yi bayani a kan Dandalin Bitrus, babban filin da ke gaban majami'ar da aka gina bisa wurin da mabiya Katolika suka yi imani nan ne kabarin Bitrus, almajirin Annabi Isa. Filin na Batikan ne, kuma a bakinsa akwai layin farin dutse a daɓe wanda shi ne iyakar ƙasa da ƙasa, masu yawon buɗe ido suna tsallake shi ba tare da sun ma lura ba. Amma 'yan sandan Italiya ne ke tsaron filin, ikonsu kuma yana ƙarewa ne a gindin matakalar majami'ar. Sashe na 22 ya ba Batikan damar neman Italiya ta hukunta wanda ya yi laifi a cikinta, shi ya sa Mehmet Ali Agca, wanda ya harbi Fafaroma John Paul na 2 a wannan fili ranar 13 ga Mayu 1981, kotun Italiya ce ta yi masa shari'a, a gidan yarin Italiya kuma ya zauna.

Sharaɗin mazauna na dindindin shi ya fi ba ni aiki. Haihuwa ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasar Batikan, aiki ne ke sa shi, kuma ranar da aikin ya ƙare zama ɗan ƙasar ma yakan ƙare. Wanda hakan zai bar shi ba ƙasa, yarjejeniyar ta mai da shi ɗan Italiya. Hatta dogarawan Fafaroma baƙi ne daga Suwizalan. Fafaroma Julius na 2 ne ya kafa rundunarsu a 1506, kuma bisa al'ada sababbin shiga kan yi rantsuwa ne ranar 6 ga Mayu, don tunawa da 'yan uwansu 147 da aka kashe a rana irin ta a 1527 suna kare Fafaroma Clement na 7 lokacin da aka wawashe Rum.

Tsarin gadon kujera kuwa ya koya mini cewa ƙa'idar da ake gani kamar tsohuwar al'ada ce kawai, sau da yawa tabon wani rikici ne. Bayan rasuwar Fafaroma Clement na 4 a 1268, manyan limaman da ake kira kadinal suka taru a garin Viterbo suka kasa daidaitawa har kusan shekara uku. Mutanen gari da suka gaji sai suka garƙame su a cikin fada, suka rage musu abinci zuwa burodi da ruwa, daga ƙarshe suka yaye rufin ginin don rana da ruwan sama su taya su yanke shawara. Wanda aka zaɓa a 1271, Gregory na 10, shi ya mai da kullen doka a 1274, har ya tsara yadda za a riƙa rage wa masu zaɓe abinci idan kwanaki suka ja. Haka ma hana sarakuna sa baki: a zaɓen 1903 sarkin Ostiriya ya aiko da saƙon ƙin amincewa da Kadinal Rampolla, wanda ke kan gaba, sai Pius na 10 da ya hau ya haramta irin wannan katsalandan a 1904. Bahaushe zai iya kallon taron kamar na masu zaɓen sarki, sai dai a can babu gidan sarauta da za a ce daga cikinsa kaɗai za a ɗauko, babu kuma wata hukuma da za a kai wa suna ta amince. Da zarar wanda ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u ya ce ya karɓa, ya zama Fafaroma. Kadinal da ya cika shekara 80 ba ya jefa ƙuri'a. Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025, masu zaɓe 133 suka shiga ɗakin ibada na Sistin ranar 7 ga Mayu, washegari farin hayaƙi ya tashi, aka sanar da Robert Prevost, haifaffen Amurka, a matsayin Leo na 14.

Inda na kasa yaba wa tsarin shi ne abin da ke biyo bayan zaɓen. Babbar dokar ƙasar, wadda aka sabunta a 2000 aka sake sabuntawa a 2023, ta tattara ikon yin doka da na zartarwa da na shari'a duka a hannun mutum ɗaya, sauran hukumomi kuma da sunansa suke aiki. Wannan yana sa gyara ya zo da sauri idan mai kujerar ya so: a 2025 Francis ya naɗa Raffaella Petrini shugabar hukumar gudanar da ƙasar, mace ta farko a wannan muƙami, alhali rubutun dokar a lokacin yana cewa shugaban ya kasance kadinal, sai daga baya aka gyara rubutun. Naɗin ya yi mini daɗi, hanyarsa kuwa ta tayar wa ɗalibin doka hankali. Haka shari'ar Kadinal Angelo Becciu, wanda kotun Batikan ta yanke wa ɗaurin shekara biyar da rabi a Disamba 2023 a shari'ar almundahanar da ta taso daga cinikin wani gini a Landan, ya kuma ɗaukaka ƙara. Kai kadinal gaban alƙalan da ba limamai ba babban ci gaba ne, kuma Francis ne ya buɗe wannan ƙofa a 2021, amma lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun koka cewa ana tsakiyar bincike Fafaroma ya ba masu gabatar da ƙara wasu izini na musamman da ba a bayyana ba a lokacin. Ƙorafin nasu yana da nauyi, domin kyawun niyyar shugaba ba ya tsayawa a madadin kotun da za ta iya ce masa a'a. Tarihin bankin Batikan ma, musamman alaƙarsa da rushewar wani bankin Italiya mai suna Banco Ambrosiano a 1982, ya nuna abin da ke faruwa idan kuɗi suka zauna a wurin da babu mai binciken waje.

Ɓangaren al'adu na shiga ne da niyyar wucewa da sauri, sai ɗakin karatun Batikan ya tsayar da ni. Fafaroma Sixtus na 4 ne ya kafa shi a hukumance a 1475, kuma yana ɗauke da rubuce-rubucen hannu kimanin 80,000, ciki har da na Larabci masu yawa. A jikin wasunsu akwai sa hannun Alhasan al-Wazzan, matafiyin nan ɗan birnin Fas da 'yan fashin teku suka kama a 1518 aka kai shi ga Fafaroma Leo na 10, wanda ya yi masa baftisma a 1520 ya raɗa masa sunansa. A Italiya ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga shi a Venice a 1550, kuma a cikinsa ne Turawa suka karanta labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara, ko da yake masana suna taƙaddama kan ko ya taka waɗannan wurare da ƙafarsa ko labari ya ji. Ajiye takarda aiki ne da Batikan ta ɗauka da muhimmanci ƙarni bayan ƙarni, kuma tun da Leo na 13 ya buɗe ma'ajiyar takardun fada ga masu bincike a 1881 ake ƙara buɗewa zamani-zamani, har a Maris 2020 aka kai ga takardun Pius na 12, wanda ake muhawara kan shirun da ya yi a lokacin kisan Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Kayan tarihin nan su ne kuma ke riƙe da aljihun ƙasar, wadda ba ta karɓar harajin albashi. Ginin Majami'ar Bitrus, da aka fara a 1506 aka keɓe a 1626, ya ci kuɗin da har sai da aka shiga sayar da takardun yafe horon zunubi, abin da ya harzuƙa limamin nan Bajamushe Martin Luther a 1517 ya kai ga rabuwar cocin. A yau kuwa miliyoyin baƙi ne ke biyan kuɗin shiga gidajen tarihi duk shekara don su ɗaga kai su ga zanen da Michelangelo ya yi a rufin Sistin tsakanin 1508 da 1512, kuma wannan kuɗi shi ne babbar hanyar samun kuɗin ƙasar, sai kan sarki da tsabar kuɗin Yuro da masu tara kayan tarihi ke saye. Da annobar korona ta rufe gidajen na tsawon watanni a 2020, giɓin ya yi tsananin da a Maris 2021 Francis ya ba da umarnin zaftare kashi 10 cikin 100 na albashin duk wani kadinal da ke aiki a fadar, ya kuma bar albashin ƙananan ma'aikata yadda yake.