Wasiƙa zuwa gida: ta wace ƙofa magani ke shiga?

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa na lafiya. Daga nan ƙasar sanyi nake rubuto muku inda nake karatu kan ƙwayoyin cuta irin na maleriya da ciwon barci, kuma akwai abin da ya daɗe yana cin raina, wato yadda muke cewa "magani ya daina ci" mu tsaya nan, ba ma tambayar me ya faru.

Toh ga yadda abin yake. Ƙwayar cutar nan a lulluɓe take da wata siririyar fata mai maiƙo, a jikin fatar akwai ƴan ƙofofi na furotin da take shigo da abincinta ta fitar da abin da ba ta so. Magunguna da yawa ba su da ƙofar kansu, ta ƙofar abincin suke saɗaɗawa ciki. In ta toshe ƙofar shikenan, ko jini ya cika da magani a waje zai tsaya.

Ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa shi ya fi taɓa ni wallahi. Maganinsa melarsoprol tun 1949 ake amfani da shi, sinadarin asenik ne mai guba, yana da zafi har kusan mutum 1 cikin 20 da aka yi wa allurar maganin ne ke kashe shi. Ku duba fa, mutum ya jure wannan azaba kuma cutar ta dawo. Shi kuwa pentamidine, wani maganin ciwon barcin, ko kama ba su yi da melarsoprol ba a haɗi, amma tun tuni aka lura ƙwayar da ta gagari ɗaya takan gagari ɗayan, masana suka yi ta mamaki shekara da shekaru. A 1993 aka gano wata ƙofa mai suna P2 da magungunan ke bi, aka zaci an gama, ashe da saura. Sai a 2012 aka gano AQP2, ƴar mitsitsiyar ƙofar ruwa da wani sinadari gilisarol, ashe ta nan dukkansu biyun ke bi. Da aka duba ƙwayoyin da aka samo daga majinyata a Kwango da Sudan ta Kudu sai aka tarar wasu sun yar da AQP2 ɗin gaba ɗaya wasu kuma sun gauraya ta da maƙwabciyarta AQP3 ta lalace, kuma ƙwayar ta ci gaba da rayuwarta tunda irin ƙofofin nan uku gare ta.

Ita ma ƙwayar Leishmaniya mai jawo kala-azar, wani zazzaɓi mai kumbura saifa, haka ta yi da ƙofarta AQP1, a jihar Bihar ta Indiya maganin antimoni ya kai yana kasa warkar da fiye da rabin majinyata.

Maleriya kuwa hanyarta daban ce. Kulorokwin yana shiga, ya taru a ƴar jakar da ƙwayar take narkar da jininmu a ciki, sai wani furotin PfCRT da aka gano a 2000 ya sauya a wasu wurare a jikinsa, musamman wuri mai lamba 76, ya koma yana kwashe maganin yana fitarwa. Amma sauyin nan yana raunana ta. Malawi ta daina ba da kulorokwin a 1993, ƙwayoyin da suka gagari maganin suka yi ta raguwa, gwajin da aka wallafa a 2006 daga birnin Bulantaya na ƙasar ya nuna maganin ya dawo yana warkar da kashi 99 cikin 100 na yaran da aka ba. Dan Allah kar wani ya ce na ce a koma shan sa, da an koma su ma za su dawo.

A ganina duk maganin da ƙofa ɗaya tak ya dogara da ita yana cikin haɗari. Maganin eflornithine haka yake, ƙofar AAT6 kaɗai ce hanyarsa, kuma tun 2009 haɗa shi ake yi da wani magani nifurtimox wajen yi wa masu ciwon barci magani.

A gaida kowa da kowa. Sai na sake rubutowa in sha Allah.