Yaron Jamaika da Jarabawar Turanci

Yawancin yaran Jamaika da Patwa suke buɗe baki, harshen kiriyol wanda ya samo kalmominsa daga Turanci amma nahawunsa na kansa ne. Makaranta kuwa da daidaitaccen Turanci take koyarwa, da shi ake rubuta jarabawar PEP ta ƙarshen firamare, wadda ta maye gurbin tsohuwar jarabawar GSAT a 2019. Kamannin kalmomin ne ke yaudarar kowa: malami ya ɗauka gurɓataccen Turanci yake ji, yaro kuma bai san harsuna biyu ne a gabansa ba.

Aikin auna harshen irin waɗannan yara don gano masu lalurar harshe yana koya wa mutum ya fara sanin ƙa'idar Patwa kafin ya ɗauki jan biro. Jam'i da “dem” ake yinsa a bayan suna, “di buk dem” (littattafan), in kuma lamba ta gabata ba a ƙara komai. Fi'ili ba ya ɗaukar “-ed”, alamar shuɗaɗɗen lokaci a Turanci. “Im sik” (ba shi da lafiya) cikakkiyar jimla ce ba tare da “is” ba. Ga kuma furuci: baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma sukan koma ɗaya, don haka ƙarshen “walked” yakan faɗi ko da yaron ya san ƙa'idar. Shi ya sa sau da yawa za ka ji “went” ko “wanted” sun zauna a bakinsa tun kafin “walked”.

Abin baƙin ciki, barin “-s” da “-ed” shi ne babbar alamar da gwaje-gwajen da aka tsara kan yaran Amurka da Ingila ke kama raunin harshe da ita. Lafiyayyen yaro sai ya fito da makin mai lalura.

Gyaran yana hannu. A ba da maki sau biyu, na farko bisa littafin gwajin, na biyu a karɓi duk amsar da babban mutum mai jin Patwa zai ce daidai ce. A sauya baƙon hoto a cikin gwajin, kamar na dusar ƙanƙara, da abin da yaron ya sani. A sa shi maimaita ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, domin wannan bai cika dogara da Turancin da ya ji a gida ba. Sannan a gwada, a koyar na ɗan lokaci, a sake gwadawa. Mai bambancin harshe kawai yakan kama da sauri.

A aji, a rubuta jimlar Patwa da ta Turanci gefe da gefe, yara su nuna inda suka rabu. Sashen Harshen Jamaika na Jami'ar West Indies da ke Mona ya gwada koyarwa da harsunan biyu a wasu firamare daga 2004 zuwa 2008, da tsarin Cassidy na rubuta Patwa.