Kwana 14

Na yi shekara 11 ina aikin lauya kafin a zaɓe ni ɗan majalisar dokokin jiha a 2019, kuma a tsawon wannan lokaci babu abin da na fi yi wa masu kawo mini ƙara faɗa a kansa kamar jan ƙafa. Yanzu da na kwashe takarduna daga majalisa na koma sa baƙar riga, ya kamata in faɗi yadda jan ƙafar ya ci ni.

A zaɓen fid da gwani na watan Mayun 2022, Dokar Zaɓe ta wannan shekara ta bar ƙuri'a a hannun zaɓaɓɓun daliget kaɗai, saboda haka wanda ya riƙe jerin sunayensu shi ya riƙe tikiti. Jerin da aka karanta a filin zaɓen mazaɓarmu, wanda da shi na rasa tikiti, ya sha bamban da wanda aka fitar a ƙananan mazaɓu, kuma ina da kwafin duka biyun a hannuna. Na san sashe na 285(9) na kundin tsarin mulki kamar yunwar cikina: duk ƙarar da ta shafi abin da ya faru kafin babban zaɓe, wajibi ne a shigar da ita cikin kwana 14 daga ranar da abin ya faru.

A daren na rubuta ƙarar. Washegari jagoranmu ya kira ni gidansa, ya zaunar da ni kusa da shi a kan kujerar da ba ya ba kowa, ya ce, "Barista, kai ɗanmu ne, ɗa ba ya kai gidansu kotu. An kafa kwamitin sulhu, ka yi haƙuri." Na ce, "To, ranka ya daɗe," na mayar da fayil ɗin cikin jaka.

Kwamitin ya zauna sau biyu, ya ɗage zama sau uku, daga nan shugabansa ya daina ɗaukar wayata. Sai a rana ta 17 na isa Babbar Kotun Tarayya. Lauyan ɗaya ɓangaren, wanda a ofishina ya koyi rubuta takardar rantsuwa, bai ko taɓa hujjojina ba. Ya miƙe cikin ladabi ya ƙirga wa alƙali kwanaki, aka kori ƙarar. Ban ga laifinsa ba, domin da ni ne a wurinsa haka zan yi. Wanda ya ce in yi haƙuri kuwa, na tabbata shi ma ƙirgen yake yi tun ranar farko.

Sauran abubuwan da na koya ba su kai wannan ciwo ba. Ƙudiri mai kyau yakan mutu a kwamiti idan gidan gwamnati bai yi na'am da shi ba. Mutanen mazaɓa sun fi tuna wanda ya je musu ta'aziyya a kan wanda ya gyara sashen doka, ko da yake ƙudirori biyu da na gabatar sun zama doka, kuma har yau ana aiki da su.

Matasan lauyoyi kan zo neman shawarata kan shiga takara. Ba na hana su. Nakan buɗe durowa in nuna musu jerin sunayen nan guda biyu, waɗanda babu alƙalin da ya taɓa karanta su.