Godiya ga waɗanda suka sauko da ƙanwata daga tsaunin Glencoe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, an sallami ƙanwata daga asibiti, an yi mata ɗori a idon sawu, har ta fara takawa da sanda. Saƙonninku na jaje sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuto wannan.

Su Baba da Hajiya sun zo Gilasgo bikin kammala karatuna, muka yi hayar mota don su ga tsaunukan arewacin Sikotlan kafin su koma gida. Mun tsaya a fadar Stirling, muka haura Inverness, muka zaga kufan fadar Urquhart a bakin tafkin Loch Ness. Wadda ta tafi da hankalin Baba ita ce Eilean Donan, da ke kan ɗan tsibiri, wadda jiragen ruwan yaƙin Birtaniya suka rusa a 1719, ta yi kusan shekara 200 a kufai, aka sake gina ta daga 1912 zuwa 1932. Da ƙyar muka janye shi, yana ta shafa duwatsun bangon.

A hanyar dawowa muka tsaya a Glencoe. Ni da ƙanwata muka hau Coire Gabhail, kwarin da ake cewa a zamanin da dangin MacDonald kan ɓoye shanu a cikinsa. Muna saukowa aka fara yayyafi, dutse ya yi santsi, ta zame. Da na ga yadda ƙafar ta juya, jikina ya mutu.

Godiyata ta farko ga wasu dattawa biyu ce, mata da miji, da suka tarar da mu. Matar ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ƙanwata, ta ba ta shayi, ta riƙe hannunta kamar 'yar cikinta. Mijin ya nemi inda waya ke kamawa ya kira 999, ya ce a haɗa shi da 'yan sanda, su turo masu ceto na tsauni.

Waɗannan masu ceto, jama'a, 'yan sa-kai ne. Ayyukansu suka bari suka hau dutse cikin ruwa da iska saboda yarinyar da ba su taɓa gani ba. Suka ɗaure ƙafar, suka ɗora ta a gadon ɗaukar majinyaci, suna karɓa-karɓa a siririyar hanya mai rami a gefe, inda mutum ɗaya ma sai ya dafa dutse yake wucewa. Wata daga cikinsu ta lura mayafinta ya zame, ta gyara mata ba tare da an roƙa ba. Hajiya har yanzu in ta tuna wannan sai ta yi ƙwalla. Baba ya tambayi abin da za a biya, suka ce ko kwabo, da gudummawar jama'a suke sayen igiya da kayan aiki. Mun bayar da abin da ya sawwaƙa, kuma ina roƙon 'yan'uwa mazauna Birtaniya, mai hali ya taimaka musu.

Na gode wa ma'aikatan asibitin Fort William, da mai masaukin da ta zauna da Hajiya har muka dawo, da ɗalibai 'yan'uwana na Gilasgo da suka yi ta kawo tuwo da farfesu. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Likita ya ce a ɗaga tafiyarta gida sai kumburin ya saɓe, a ci gaba da sa ta a addu'a.